Wayar Wendell Mai Kai Biyu

Ranar da na fara ganin Wendell Tackett, muƙamuƙin wani yake karyawa a ƙofar masana'antar katako ta Tarbox. Lokacin sabuwa ce ni a aikin raba wasiƙu. Na tsaya da mota zan tambayi hanya, sai na ga ya sunkuci wani ƙato ya maka da ƙasa, ya bi shi da naushi har sai da mutum huɗu suka rirriƙe shi. Da na tambayi laifin wanda aka daka, aka ce min wai ganin Wendell ya yi yana fama da gungume, ya ce a gaban mutane bari ya kama masa.

Sunana Marlys Oberholt. Shekara ashirin da shida na yi ina hawa tudun Tarbox kullum ban da Lahadi, kuma gidan Wendell ne na ƙarshe a hanyata. Shi ne na ƙarshe a layin wutar lantarki ma, daga falwayarsa sai daji. 'Yar jar tutar akwatin wasiƙarsa, wadda mutum ke ɗagawa in yana da saƙon da zan ɗauka, ban taɓa ganinta a tsaye ba. Ba ya rubuta wa kowa, ba ya roƙon kowa komai. Duk ambulan da ya zo da tambarin hukuma ko na kamfani, murhu yake tafiya ko buɗewa ba a yi ba. Na sha ce masa da ya ba ni izini na riƙa zubar da su tun daga ofis, da na huta da hawan dutse. Sai ya ce ai da su yake hura wuta.

Ubansa mai saran itace ne, da bel ya raine shi. Yana da shekara goma sha huɗu ya bar makaranta ya riƙe zarton inji. Da aka rufe masana'antar ya koma haƙar rijiyar burtsatse da walda, kuma gaskiya ɗaya ce, hannun nan da ke fasa bakin mutane babu abin da bai iya gyarawa ba. Rabin rijiyoyin tudun nan shi ya haƙa su.

Shi ne kuma ya kawo mana waya mai kai biyu. A da, in ƙanƙara ta kayar da layi, sai mu yi kwanaki a duhu, famfon rijiya ya tsaya, ko ruwan bayan gida babu. Sai Wendell ya riƙa haɗa wa mutane wata waya mai kauri da fulogi a kowane kai. Kai ɗaya a janareta, ɗayan a soket ɗin injin busar da kaya, shi ke nan gida duka ya kama, har famfo. Haramtacciya ce, kowa ya sani, kuma kowa yana da ita rataye a gareji. Sharaɗinta ɗaya ne: kafin ka tayar da inji, ka sauke babban makunnin gida. In ka bar shi a sama, wutarka za ta fita ta bi waya, taransifoma ta ninka ta, duk wanda ya taɓa layin yana zaton matacce ne ya gama yawo. Wendell ba ya wasa da wannan. Ya taɓa samun Floyd Yoakum ya manta, ya kwaɗa masa marin da har yau kunnensa na hagu bai dawo daidai ba.

Mutum ɗaya ne bai taɓa ɗaga wa hannu ba, matarsa Lorna. Kada a ɗauka yabo nake yi, don wanda bai doki matarsa ba bai yi abin a zo a gani ba. Amma yana son ta, wannan kam na shaida. 'Yar ƙarama ce, tana dafa abinci a makarantar firamare, ita kaɗai ke kiransa Dell, shi kuma ya ce mata tsohuwa tun ba ta kai talatin ba. Ɗansu ɗaya, Garrett, shi ya kwashi abin da uwarsa ta tsallake. Da tiyon ban ruwa aka koya masa riƙe sifana, da tiyo aka koya masa haɗa waya. Yana cika sha tara ya sauka kwari ya kama aiki da kamfanin wuta, ya zama mai hawa falwaya.

Sai babbar gobarar nan ta zo. Wata tsohuwar wayar kamfani ce ta tsinke cikin iska da safe, kafin azahar rabin gundumar ya zama toka. Orval, ƙanen Wendell, a cikin a-kori-kurarsa ya ƙone, saura mil ɗaya ya kai mararraba. Lorna ta yi awa uku cikin hayaƙi a motar makaranta, tana jiƙa tsumma tana rufe wa yara hanci. Yaran duk sun fita lafiya. Ita huhunta ne bai fita ba. Tun daga ranar take rayuwa da wata na'ura a gefen gadonta, wadda ke tace iska ta tura mata ta hanci, kuma na'urar da wutar lantarki take aiki. In ta tsaya, sai 'yan tukwanen iska na ko-ta-kwana, kowace awa biyar take yi. Ran Lorna ya koma rataye a soket ɗin bango.

A wajen jana'izar Orval, Garrett ya zo kai tsaye daga aiki da rigar kamfani a jikinsa. Kwana tara ke nan bai yi barcin kirki ba, suna kafa sababbin falwayoyi. Wendell ya taka har inda yake a bakin kabari ya fasa masa hanci, jini ya zuba kan furannin. Garrett bai rama ba, ya sumbaci uwarsa ya shiga mota. Daga ranar sai dai ya kira ta a waya in ya san uban ya fita.

Bayan gobarar kamfani ya fito da sabuwar dabara. Duk lokacin da busasshiyar iskar nan ta gabas ta taso, sai su kashe wutar tudu gaba ɗaya tun kafin wata waya ta faɗi. Hukumar jiha mai sa ido kan kamfanonin wuta ta amince, amma ta gindaya sharuɗɗa. A sanar da mutane da kwana biyu. Kada a dawo da wuta sai ma'aikata sun bi layin da rana sun duba kowace waya da idonsu. Sannan a ajiye jerin sunayen marasa lafiyar da ke dogaro da na'ura, a ƙwanƙwasa musu ƙofa, a kai musu babban batir da ƙarin tukwane, ko a sauke su masauki a kwari. Shiga jerin ba wuya, fom ne shafi biyu, likita ya sa hannu, wanda sunansa ke kan mitar gida ya sa hannu.

Sau biyu ina jefa fom ɗin a akwatinsu, sau biyu yana shiga murhu. Na uku na fito daga mota na kai masa har gareji, na ce masa wannan ba tasa ba ce, ta Lorna ce, ya ajiye taurin kan nan nasa na minti biyu ya sa hannu.

"Su kashe min ƙane, su cinye huhun matata, sannan in rubuta musu takarda ina roƙon batir?" ya ce. "Ke dai raba wasiƙa aka ɗauke ki, Marlys, ba wa'azi ba."

"Ai kai ko wa'azin aka yi maka sai ka karya wa faston haƙori. Jaki ma in ya ga rami yana kaucewa."

Ya yi dariya, don shi zagi ba ya damunsa, tayin taimako ne ke tunzura shi. Na ajiye fom ɗin a kan teburin kicin na fita ina huci.

A karon farko da aka kashe wutar, kwana biyar muka yi. Abin da ke firiza ya ruɓe, wayoyin hannu suka mutu don turakun sadarwa ma da wuta suke aiki, gidan mai ya kasa zuba ko digo. Wata tsohuwa ta kwana biyu a maƙale don ƙofar garejinta ta lantarki ce kuma ba ta da ƙarfin ɗaga ta. Da ƙorafi ya yi yawa, hukumar ta turo mutum uku su saurare mu a zauren wasannin makaranta. Kowa minti biyu aka ba shi, da agogo a gaba. Wendell ya shigo da akwatin sanyi a kafaɗa. Da aka kira sunansa bai je wajen lasifika ba, ya wuce kai tsaye ya juye akwatin a kan teburin baƙin. Naman barewa ne na farautar shekara guda, ya yi kore, tsutsa na motsi a ciki. Ruwan ya gangara kan takardunsu da cinyoyinsu.

Wani mai gadi ya kama shi ta baya, Wendell ya ba shi gwiwar hannu a maƙogwaro. Na biyu ya zo, ya sha kujerar ƙarfe a kafaɗa. Nan take zauren ya kaure, waɗanda ma ba su san me ake ciki ba suka shiga jifa da robobin ruwa. 'Yan sandan gunduma uku ne suka danne shi, fuskarsa a manne da katakon ƙasa, leɓensa a fashe. A haka ɗaya daga cikin baƙin, wata mata mai furfura, ta durƙusa kusa da kansa da siket ɗinta duk ruwan nama. Na ji abin da ta ce don ina kusa.

"Mista Tackett, an ce min matarka tana kan na'ura. Sunanta yana cikin jerin?"

Ya tofa jini kusa da takalminta. Kwana goma ya yi a tsare, ya fito mutanen tudu suna saya masa giya kamar wanda ya ciwo yaƙi. Ni ma, in faɗi gaskiya, na ji daɗin warin da baƙin nan suka kwasa. Amma tambayar matar ta tsaya min a rai, don ita kaɗai ce ta yi maganar da ta dace a zauren nan.

A watan Oktoba na shekarar da ta biyo baya iskar ta sake tasowa, aka kashe wuta ranar Talata da safe. Wendell ya yi abin da ya saba, ya sauke babban makunni, ya jona wayarsa mai kai biyu, janareta ya ɗauka. Gidaje bakwai da ke cikin jerin aka bi aka ƙwanƙwasa musu, aka sauke musu batura. Motar kamfanin ta juya a gidan Floyd, ba ta ƙaraso na ƙarshe ba, don a takarda babu mara lafiya a can.

Ranar Alhamis da hantsi man janaretan ya ƙare. Motarsa dizal take sha, ba fetur ba, balle ya zuƙo daga tanki. Ina wurin, na kawo wa Lorna miya, na ga ya zare wayar ya naɗe, ya zagaya bayan gida ya mayar da babban makunnin sama. Ya ce don duk daƙiƙar da tsinannun suka dawo da wuta, na'urar ta kama da kanta. Ya jona wa Lorna tukunyar iska ta farko. Uku gare su.

Na ce su shiga motata in sauke su asibiti. Lorna ce ta ƙi. Hanya ɗaya ce tak ke sauka daga tudun, ita ce wadda Orval ya ƙone a kai, kuma tun gobarar ba ta yarda ta bi ta in ana iska. Wendell kuwa ya ce matarsa ba za ta kwanta a gadon sadaka ba alhali yana da rai. Na rage mata ƙarfin iskar yadda likita ya nuna don tukwanen su daɗe, ina yi ina zaginsa a zuci.

Da la'asar iskar ta kwanta. Kamar an aiko su, sai ga farar motar kamfani ta hawo, ma'aikata biyu, sun zo bin layi. Saura falwaya goma sha ɗaya su duba, duk a cikin filin Wendell, daga nan sai a kunna wa tudun wuta. Babbansu Ignacio Berumen ne, na san shi, ina kai wa uwarsa wasiƙa. Ya sauke gilashi ya gaisa cikin ladabi, ya ce izinin wucewa kawai suke nema, minti arba'in sun gama.

Ni dai ban san abin da Wendell ya gani ba. Wataƙila tambarin jikin ƙofar motar ne, wataƙila tarin Lorna ne da ke fitowa ta taga. Ƙatuwar sifanar bututu ce a hannunsa. Bugun farko gilashin gaba ya tarwatse. Na biyu ya shiga ta taga ya sami Ignacio a ƙashin wuya, na ji ƙarar karyewar daga inda nake tsaye. Ya fizgo ƙofar ya jawo shi ƙasa ta wuyan riga, yana shurinsa a haƙarƙari yana kiran sunan Orval. Ɗayan ma'aikacin ya fito yana roƙo, ya sha sifana a gwiwa. Na rataya a hannun Wendell ina ihu, ya yarfar da ni kamar tsumma, na faɗa kan tsakuwa na ɗaye tafin hannu. Abin da ya tsayar da shi muryar Lorna ce, da ƙyar take fita, tana cewa Dell, Dell. Mai gwiwar ya ja Ignacio cikin mota, fuskarsa duk jini da ɓaraguzan gilashi, suka sauka da baya.

Kafin magariba kamfani ya janye duk ma'aikatansa daga tudun, ya ce ba wanda zai sake hawa sai da rakiyar 'yan sanda. 'Yan sandan kuwa duk suna wata gobara a kudancin gunduma, sai Asabar. Gida ɗari huɗu suka ci gaba da zama a duhu saboda falwaya goma sha ɗaya. Waɗanda suka saya masa giya bara, su ne suka zo suka jefi rufin garejinsa da duwatsu.

Ranar Juma'a da sassafe na leƙa, an jona tukunya ta ƙarshe. Ban tsaya gardama da kowa ba, na kwashi jarkokinsa biyu na sauka kwari, mil arba'in, inda ake da wuta. Layin mai ya kai awa biyu. A cikin layin wayata ta kama, na kira Garrett na zayyana masa komai, har abin da aka yi wa Ignacio, wanda ashe abokin aikinsa ne na kusa.

Ya ce yau ba ya aiki. Zai shiga motarsa ya bi tsohuwar hanyar masu katako ta bayan tudu, ya taka layin da ƙafa daga ƙasa zuwa sama. In ya ga lafiya lau ne zai koma ya durƙusa wa ogansa a kunna, ko da aikinsa ne zai tafi. Na gaya masa ina ɗauke da mai, janareta zai tashi kafin ya iso, ya yi hankali.

"Kada ki damu, Marlys," ya ce. "Baba zai iya manta sunana, amma ba zai manta makunni ba. Da tiyo ya koya min." Har da 'yar dariyarsa. Ya ce kada in faɗa wa uban yana zuwa, ba ya son a tare shi da sifana. Na yi masa alkawari.

Na iso wajen ƙarfe ɗaya. Tun daga ƙofa na ji babu sautin iskar tukunya. Lorna na jingine da filo, bakinta a buɗe, leɓunanta sun yi shuɗi, ƙirjinta na ɗagawa kamar na ɗan tsako. Wendell na durƙushe yana yi mata fifita da kwali. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar. Ya fizge jarkar daga hannuna, rabin man a ƙasa ya zube. Ya warware wayar, ya cusa kai ɗaya a soket, ya ruga tsakar gida ya cusa ɗayan a inji, ya ja igiya. Janareta ya ɗauka, na'ura ta yi ƙara ta fara huci. Muka tsaya a kanta mu biyu muna kallon shuɗin yana barin bakinta a hankali.

Bai zagaya bayan gida ba. Ni da na ga ya ɗaga makunnin jiya da idona, ni ma ban tuna ba. Na juya wannan a raina ya fi sau dubu, kuma har gobe ina jin haushin kaina fiye da yadda nake jin nasa.

Kamar minti ashirin ke nan Lorna ta samu kanta har ta nemi ruwa. Sai muka ji wani ƙara daga gangare, kamar an harba bindiga a cikin ganga. Fitilar ɗaki ta dushe, janareta ya yi nishi. Wendell ya ɗago ya dube ni, na ga ya gane rabin abin. Ni na faɗa masa sauran rabin, na ce Garrett ne ke bin layi.

Tsakanin falwaya ta biyu da ta uku daga gidan, wani reshe ya karye cikin iskar Laraba ya tsinke wayar. Guntun da ke ɓangaren gidan ya sauko ya rataya a kan kurmi daidai ƙirjin mutum. Garrett ya zo ya same shi. Yana jin janareta na aiki, ba zai yiwu bai ji ba. Tudu duka a kashe, uba kuma ba ya mantuwa. Ya miƙa hannu zai ɗaura jan ƙyallen alama.

Muka hango shi daga bakin shinge, yana kwance rigingine, wayar na kan damtsensa tana tartsatsi, busasshiyar ciyawa ta kama wuta a kewayensa. Wendell ya zabura zai tafi, ya yi taku uku ya tsaya cak, don ya fi kowa sanin abin da zai faru in ya taɓa shi. Ya juyo da gudu. Makunnin yana can bayan gida, inji ne a kusa. Ya kama wayarsa mai kai biyu da hannu biyu ya fizge ta daga jikin janaretan, ya shure injin har ya kife. A cikin ɗaki na'urar ta fara kukan da take yi in wuta ta yanke.

"Dell," Lorna ta kira ta taga. "Sun sake ɗauke wutar ne?"

Ya gangara ya ratsa ciyawar da ke ci, ya jawo ɗansa ta ƙafa, ya kashe wutar rigarsa da tafin hannu. Ni na zagaya na sauke makunnin, na miƙar da injin da ya kife, na mayar da waya, na ja igiya har sau shida kafin ya kama. Na leƙa na ce wa Lorna wani ma'aikaci ne ya ji ciwo, za mu kai shi asibiti mu dawo. Na ɗebi ruwa a bokiti na watsa wa sauran ciyawar.

A bayan motar wasiƙu muka sa shi, a kan buhunan da ban raba ba. Ina tuƙi ina jin Wendell yana danna masa ƙirji, har na ji haƙarƙari na karyewa a ƙarƙashin hannunsa. Yana dannawa yana yi masa tsawa ya tashi, irin tsawar da yake masa yana yaro. Hannun Garrett na dama ya ƙone har ƙashi, tafin ƙafarsa ya fashe ta cikin takalmi. Tun kafin mararraba na san gawa nake ɗauke da ita, amma ban rage gudu ba, shi ma bai daina dannawa ba har ƙofar asibiti. Shekararsa talatin da ɗaya.

Ranar Asabar da rana aka gyara wayar, aka kunna wa tudu wuta.

A wajen jana'izar, masu hawa falwaya sun fi hamsin, duk da rigar aiki. Ignacio ya zo da hannu a rataye da bandeji a ido ɗaya, idon bai sake gani ba. Ƙanensa ya ratsa mutane ya sami Wendell a tsaye da ƙonannun tafukansa a naɗe da bandeji, ya zuba masa naushi a baki. Wendell ya faɗi, ya tashi, ya tsaya da hannuwa a sake. Aka ƙara masa na biyu, ya sake tashi. Ignacio ne ya ce ya isa haka. Lorna na kan keken guragu da tukunya a cinya, ba ta kalli wajen ba. Ba wanda ya gaya mata yadda abin ya faru, amma matar da ta yi shekara talatin da biyar da mai haɗa wayar ba ta buƙatar bayani.

Hukumar ta yi bincikenta, ta fitar da rahoto mai kauri, ta tsawata wa kamfanin kan barin marasa lafiyar da ba su cikin jeri, ta ce daga yanzu a riƙa tambayar likitoci da masu sayar da tukwane. Garrett layi biyu ya samu a ciki, an ce ma'aikaci ne da ba ya bakin aiki. Kotu ta yanke wa Wendell shekara biyu kan abin da ya yi wa Ignacio, ta ba shi mako uku ya shirya wanda zai kula da matarsa.

Saura kwana huɗu ya tafi, na hawo da safe na hango jar tutar akwatinsa a tsaye. Na daɗe a cikin mota kafin in buɗe. Ambulan ɗaya ne, ba a liƙe ba, babu kan sarki, don mutumin bai taɓa aika wasiƙa ba balle ya san ana mannawa. Fom ɗin nan ne da na ajiye a teburin kicin, har da tabon kofi a gefe. Ashe Lorna ɓoye shi ta yi. Rubutunta ne daga sama har ƙasa, likita ya sa hannu tun watan Maris na bara, layi ɗaya kawai aka bari. Yanzu an cike shi, da manyan haruffa karkatattu na mai ƙonannen hannu.

A gurbin wanda za a kira in an shiga matsala, Lorna ta rubuta Garrett Tackett, ɗa, da lambar wayarsa. An soke shi da layi ɗaya, ba a sa kowa ba. Na ciro biro na rubuta sunana a ƙasa, na manna kan sarki daga nawa, na sauke tutar.